Ɗana, Kuɗin Sallama Ba Ya Zuwa Sau Biyu

Ɗana, kai da ka ba shekara arba'in baya kana aikin albashi, da kai nake. Dokar aikin gwamnati a Najeriya ba ta yi maka rufa-rufa ba: ranar da ka cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, za ka miƙa makullin ofis ka koma gida. Malaman makaranta dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 da 40, amma shekara biyar ɗin nan ma za ta ƙare. Tun ranar da aka ɗauke ka aiki aka san ranar da za ka bar shi, tana nan a fayil ɗinka. Duk da haka, ka duba abokan aikinka da suka riga ka sauka, ka ƙirga mutum nawa ne ranar ba ta zo wa bagatatan ba. Wannan abu yana ba ni tausayi ƙwarai, domin mafi yawansu mutanen kirki ne masu hankali, waɗanda suka shekara talatin suna tsara wa gwamnati kasafi, ba su taɓa zama sun tsara na gidansu ba.

Yau in ka yi asara, ƙarshen wata zai zo ya share maka hawaye. Kaji sun mutu, abokin ciniki ya gudu, mota ta buga inji, za ka yi ɓacin rai na kwana biyu, albashi ya shigo, ka miƙe. Bayan ritaya wannan gata ya ƙare. Abin da aka ba ka dunƙule shi ke nan, kuma shi ake so ya riƙe ka shekara ashirin ko fiye in Allah ya ja kwana, a daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga ke neman nasu kason duk wata, autanka yana jami'a, 'yan matan gidan sun isa aure. Saboda haka duk wani koyo da za ka yi, duk wani gwaji, duk wata faɗuwa ta ɗan koyo, ka yi su yanzu da albashi ke tsaye a bayanka. Kuɗin sallama ba a koyon sana'a da shi.

Fara da sanin tsarin da kake ciki, don na lura da yawa ba su sani ba. Kafin 2004 gwamnati ce ke ɗaukar nauyin fansho da giratuti daga kasafinta, kuma kowa ya ga yadda tsofaffi suka riƙa faɗuwa a layin tantancewa. A 2004 aka kawo tsarin karo-karo, aka kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, a 2014 kuma aka sabunta dokar: kai ana cire maka kashi 8 cikin 100, wanda kake wa aiki ya zuba aƙalla kashi 10, duka a asusun da ke ɗauke da sunanka a hannun kamfanin kula da fansho. Ka lura da kyau, ba daga duk abin da kake karɓa ake lissafin ba. Yawanci daga gundarin albashi ne da alawus na gida da na sufuri, shi ya sa mutum zai saba da rayuwar alawus-alawus da kuɗin tafiye-tafiye, ran da aka ce ga fanshonsa ya ga bai kai rabin abin da ya saba kashewa ba. Jihohi kuwa kowace da nata: Kaduna ta shiga tsarin asusun mutum ɗaya-ɗaya, Kano da Jigawa suna da asusun haɗaka nasu, wasu har yau suna kan tsohon tsari, bashin giratuti na shekaru ya taru a kansu. Ka san naka. Ka nemi bayanin asusunka duk wata uku, ka duba ko abin da aka cire a takardar albashi ya shiga da gaske. Tun Nuwamban 2020 kana da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara in ba ka gamsu ba, kuma tun 2021 akwai asusu na shida wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa, ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da sauran ba. Sai ka nema a rubuce za a mayar da kai. Ɗan'uwanka ɗan kasuwa ko tela ko direba shi ma an buɗe masa ƙofa tun 2019, yana iya zuba abin da ya sawwaƙa. Ka gaya masa.

Ranar sauka za a ba ka zaɓi biyu a kan abin da ya rage bayan kason da ka ɗauka dunƙule. Ko ka bar shi a hannun kamfanin fansho a riƙa ɗibar maka duk wata, in ka rasu abin da ya saura ya zama na magada. Ko ka miƙa shi ga kamfanin inshora, ya ɗauki alkawarin biyanka har ƙarshen rai, amma in ka wuce shekara goman farko kafin ka rasu, magada ba su da komai a ciki. Daga na farko ana iya komawa na biyu, daga na biyu babu dawowa. Wakilan kamfanoni za su zo maka da fara'a da takardu a hannu, kowa yana yabon nasa. Kada ka sa hannu a ranar. Ka kai takardun gida, ka kwana da su, ka tambayi wanda ya sauka shekara biyar da ta wuce yadda tasa ta kaya, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa.

Sannan ka sa a ranka cewa tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rata. Wani wata uku, wani shekara, wani ma fiye. A 2025 sai da gwamnatin tarayya ta amince da ciwo bashin naira biliyan 758 don sauke basussukan fansho da suka taru a kanta. A wannan rata ne mutum ke sayar da filinsa da araha, ko ya ci bashin da zai cinye rabin kuɗin sallamar tun kafin ya iso. Maganinsa ɗaya ne: cefanen shekara guda a ajiye, wanda ka tara tun kana aiki, ba ka taɓa shi don biki ko suna.

To a ce kuɗin ya zo, ka kai banki ka ajiye, ka ce ba ruwanka da kasuwanci. Nan ma ba ka tsira ba, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. A farkon 2015 dala ɗaya tana wajen naira 197 a farashin hukuma. Wanda aka sallama da naira miliyan 10 a lokacin yana riƙe da kimanin dala 50,000. In ya bar kuɗin a kwance har 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, abin da ke hannunsa bai kai dala 7,000 ba. Ba wanda ya shiga gidansa, ba wanda ya taɓa asusunsa, lambar tana nan yadda ya bar ta, amma kashi shida cikin bakwai na ƙarfinta ya tafi. Kada ka ce ai kai ba ka cin dala. Takin da aka noma masararka da shi, maganin hawan jininka, batirin motarka, kwanon rufin ɗakinka, duk da dala aka shigo da su ko da kayan haɗa su. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Lissafin mai sauƙi ne: in kaya suna tashi da kashi 25 a shekara, cikin shekara uku kuɗinka rabin abin da yake saye zai saya.

Mai albashi yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi masa yajin aiki. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, kodayake in ka auna da dala na 2011 ya ninka na 2024 fiye da sau biyu. Ɗan fansho fa, wa zai yi wa yaji? Tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma je ka tambayi tsofaffin ma'aikatan ƙananan hukumomi yaushe rabon da a taɓa nasu. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata mu ci gaba da faɗa wa masu mulki haka. Sai dai kai ba za ka jingina tuwon gidanka da ranar da za su ji ba.

Abin yi shi ne wani kaso na dukiyarka ya zauna a abin da ke tashi tare da farashi. Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke mayar da kuɗin adashi zinare, kuma zinaren da aka saya shekara goma da ta wuce bai ba mai shi kunya ba. Fili ma haka, in ka yi a hankali. Fili na awon igiya a bayan gari yana da araha, amma ka san araha ba ta ado: ka ga mai unguwa da dagaci, ka tambayi maƙwabtan gonar, ka tabbata ba gadon da ba a raba ba ne, ka je ma'aikatar ƙasa ka bincika ko gwamnati ba ta shata hanya ko makaranta a wurin ba, ka kuma zo da damina ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka tuna kuma fili ba ya sayuwa ranar da kake kan gadon asibiti. Ranar da dillali ya gane a matse kake, shi zai yanka maka farashi. Gidan haya ya fi fili kawo abin cefane, matuƙar ka ware kuɗin gyara, kuma kana da ƙarfin halin karɓar haya a hannun wanda kuke sallah sahu ɗaya.

Akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan masu shi kuɗin haya duk wata shida, kuma da naira 10,000 ma ana shiga. Yana da aminci, ba shi da ruwa, amma gaskiya ita ce a shekarun da farashi ya haukace ladansa bai kamo hauhawar ba. Rage asara yake yi, wannan ma wani abu ne. Hannun jarin manyan kamfanoni masu sayar da abin da kowa ke buƙata, siminti da sukari da layin waya, shi ma yana da wuri, da sharaɗi biyu: ta hannun dillali mai rajista, kuma da kuɗin da ba ka buƙata nan da shekara biyar. Waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari a 2007 sun ga kasuwar ta zube daga Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo kusan kashi biyu cikin uku ya tafi, bashin kuwa yana nan. In mahaifinka ya bar tsofaffin takardun hannun jari a akwati, ka fito da su ka bi sawu, ribar da ba a karɓa ba tana nan tana jira.

Yanzu ga masu zuwa da alkawari. Tsoron hauhawar farashin nan da na gaya maka, da shi ɗan damfara yake kama mutum, don ya san kana neman inda kuɗinka zai yi gudu. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ta kulle asusun mutane a Disambar 2016, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar wajen naira biliyan 18. An yi kuka, an rantse ba za a sake ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, wannan karon da sunan na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke juya kuɗin a kasuwar kirifto. Tsakanin waɗannan biyu an yi wasu da sunan noma, wasu da sunan canjin kuɗi, wasu da sunan kiwon kifi. Mafi ciwo a nan wajenmu su ne masu zuwa da rigar addini, su ce musharaka ce, babu ruwa, halal tsantsa, su ɗauki nauyin wa'azi, su raba buhunan shinkafa da azumi.

Ɗauki alƙalami ka yi lissafin da kanka. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta zama miliyan 2.3 a shekara guda. A shekara uku ta haura biliyan 1. A shekara biyar ta doshi biliyan 700. Wanda yake da irin wannan hanya me zai yi da ɗan kuɗin sallamarka? Me ya hana shi zuwa banki ya karɓi bashi ya ci ribar shi kaɗai? Ribar da ake biyan na farko kuɗin na baya ne, ba wani abu ba, kuma ranar da masu shiga suka ragu ranar ake rufe ƙofa. Shi ya sa maganar "ai wane an biya shi, na gani da idona" ba hujja ba ce. Biyan wane shi ne tallar. Kuma wanda zai kawo maka maganar ba baƙo ba ne. Surukinka ne, ko abokin aikinka na shekara ashirin, ko limamin unguwa, shi ma da zuciya ɗaya ya shiga. Musharaka ta gaskiya ana raba riba ana raba asara, duk wanda ya ce maka riba tabbas ce kuma uwar kuɗi ba ta taɓuwa, ya riga ya fita daga abin da yake ikirari. Takardar rajistar kamfani da zai nuna maka shaidar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Wannan izini hukumar kula da harkar zuba jari, SEC, ce ke bayarwa, kuma ana iya dubawa. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan harka, amma ɗaurin wani ba zai dawo maka da kuɗinka ba. In ka shiga da sani don ka ci ka fita da wuri, to ka san abin da ka ci haƙƙin wata bazawara ce da ta shigo bayanka.

Ba damfara kaɗai ke cinye kuɗin sallama ba. Abin da na fi gani yana cinye shi halal ne: sana'ar da mutum bai sani ba. Darakta ya sauka ran Juma'a, ran Litinin ya zama mai gidan gona. Ya zuba kaji dubu biyu bai taɓa kiwon hamsin ba, bai san abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo ba, bai san in masara da waken suya suka tashi ribar ƙwai ta tafi ba, bai san murar tsuntsaye da ta fara shigowa ƙasar nan a 2006 tana iya share keji a mako guda ba. Wani ya sayi adaidaita sahu biyar ya raba wa yara, wata uku ana kawo balas, daga nan sai labarin bakanike da na jami'an hanya. Bai tuna da waɗanda suka zuba kuɗinsu a babura ba, aka wayi gari a Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa. Wani kuma ya ga yadda hatsi ya yi tsada a 2024, ya kwashe kuɗinsa ya cika sito da masara da kaka yana jiran bazara, ga shi gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji, amfani kuma ya yi kyau, a 2025 farashi ya faɗo ƙasa da yadda ya saya, ga kuɗin sito, ga ƙwari. 'Yan kasuwar hatsi ta Dawanau da suka gaji harkar ma sun ji a jikinsu, balle kai.

Ba cewa nake kada ka yi sana'a ba. Zaman banza yana tsofar da mutum fiye da aiki, kuma na fi son in gan ka kana fita da safe. Cewa nake ka fara yanzu, ƙarami. In kiwo ne, fara da kaji ɗari ko raguna biyar na turka, ka yi shekara uku kana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har ka san ribar da idonka. In kasuwa ce, ka sami amintacce a Kantin Kwari ko Singa ka riƙa zama a shagonsa ran Asabar, ka ajiye girman ofis a ƙofa, ka bar yaron shago ya koya maka. Kuma kada ka raina abin da ka riga ka iya. Akanta zai iya riƙe wa 'yan kasuwa littafi, malamin makaranta zai iya buɗe darasin yamma, ma'aikaciyar jinya tana da abin yi a unguwa har ƙarfinta ya ƙare, waɗannan kuwa ba sa neman jari mai yawa. Duk abin da ka zaɓa, kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ba ka. In kaya ne a shago, ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ta kasuwar Monday a Maiduguri a 2023, ka nemi inshorar takaful.

Da can ma'aikaci yana cewa in ya sauka zai koma garinsu ya yi noma, kuma shawara ce mai kyau. Yau dole ka auna ta da halin tsaro. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja akwai gonakin da masu su ba su taka ba shekara da shekaru, akwai inda sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Garken shanu da ake ɗauka shi ne bankin talaka ana kore shi a dare ɗaya. Kafin ka kai dukiyarka wani wuri ka tambayi kanka: zan iya zuwa in gan ta da rana in dawo lafiya? In amsar tana rawa, ka jinkirta, ko ka sa kaɗan.

Sannan ka kama bakinka. Masu garkuwa da mutane ba duba suke yi ba, labari ake kai musu, kuma mai kai labarin yana cikin gari, wani lokaci yana cin abinci a gidanka. Ranar da aka biya giratuti ba ranar walima ba ce. Kada ka faɗi adadi a majalisa, kada ka canja mota a watan, kada 'ya'yanka su sa hoton sabon gini a Facebook. Na san gidajen da kuɗin fansa ya cinye gida da gona da kuɗin sallama gaba ɗaya, aka bi dangi da ƙoƙon bara. Allah ya kiyaye mu. Rufin asiri a wannan zamani yana cikin matakan tsaro.

Wayarka ma ƙofa ce. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya faɗi sunanka da ranar haihuwarka daidai. Ka sa wa layinka makulli, kada ka miƙa wa mai POS kati kana karanta masa lamba, kuma babban kuɗi ya zauna a asusun da ba shi da kati, ba a haɗa shi da waya ba. Kada ka tara komai a banki ɗaya. Ran 3 ga Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Inshorar NDIC tana biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki, abin da ya haura sai an sayar da kadarori, ka jira. Tara takardun kuɗi a gida ma ba mafita ba ne: an canja kuɗi a 1984, an sake a ƙarshen 2022, kuma ka ga yadda aka kwana a layin banki a farkon 2023. Na cefanen 'yan makonni a hannu ya isa.

Saura abin da ya fi wuyar faɗa, wato mutanenka. Ranar da kuɗin ya shigo za ka ga buƙatu na gaskiya: ƙanenka zai aurar da 'ya, ɗan yayarka yana neman jari, rufin gidan gado yana yoyo. Zumunci wajibi ne, kuma ba zan taɓa ce maka ka rufe hannu ba. Ka ware masa kaso tun kafin kowa ya zo, ka bayar da shi kyauta da zuciya ɗaya, in ya ƙare ka ce ya ƙare. Bashi ga ɗan'uwa daga kuɗin sallama yawanci kuɗin da zumuncin yake haɗawa ya tafi da su. Zakka, in dukiyar ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin arba'in, ka fitar kafin komai. Aikin hajji kuwa kujera ta haura naira miliyan 8 a 2025; in kana da niyya ka fara tarawa yanzu a asusun adashin alhazai, don kada ka dawo daga Makka ka tarar babu na cefane, alhali farilla ce a kan mai iko. Ƙarin aure halal ne, ba ni da ta cewa a kai, illa ka tuna kuɗin sallama zai iya ɗaukar lefe da sadaki, amma jaririn da za a haifa maka kana da shekara 62 zai shiga jami'a kana da 80. Ka yi lissafin wannan da fanshon wata, ka ga ko ya ɗauka. Uwargidan da ta yi shekara talatin tana miƙa albashinka ya kai ƙarshen wata tana da haƙƙin a zauna da ita a yi shawara, kuma sau da yawa ta fi ka sanin inda kuɗi ke zurarewa. Ke ma 'yata ma'aikaciya, duk wannan magana taki ce: dukiyarki taki ce a shari'a, in kin ba maigida ko ɗanki jari ki bayyana kyauta ce ko rance, a gaban shaida.

Ka rubuta komai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce kunya. Ka sami littafi guda: wanda kake bi, wanda ke bin ka, lambobin asusu, inda takardun fili suke, sunan kamfanin fanshonka, abokin da kuka haɗa jari da shi da kason kowa. Mutum biyu amintattu su san inda littafin yake. Sunan da ka rubuta a fam a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Rabon gado yana da ƙa'idarsa, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma kafin banki ko kamfanin fansho ya saki kuɗin mamaci sai an kawo takardar kotu. Marayu da yawa suna zaune cikin rashi alhali kuɗin ubansu yana kwance a asusun da ba wanda ya san da shi.

Akwai aiki guda da za ka iya yi a makon nan ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki, da katin ɗan ƙasa, da bayanan BVN, da na asusun fansho, ka jera su ka duba. In a wata an rubuta Muhammad a wata Mohammed, in a wata sunan mahaifi ne a ƙarshe a wata sunan gari, in shekarar haihuwa ta bambanta ko da da shekara ɗaya ce, wannan kaɗai ya isa ya riƙe maka kuɗinka wata da watanni. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, da wasiƙa daga ma'aikatarka, da zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Ka yi shi yanzu da kake da ƙafa, kake da kuɗin mota, kuma magatakardan da zai nemo maka fayil yana amsa gaisuwarka.